Mai zobe ko mai allo

Duk ranar da na tura hoto gida ina zaune a kan bokiti a tsakiyar tafki, tambaya ɗaya ake yi min: "To ina ruwan?" Ruwan yana ƙarƙashina. A nan jihar Minesota, daga wajen Disamba har zuwa Maris, tafkuna daskarewa suke yi su koma kamar daɓe. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar tana gargaɗin kada mutum ya taka sai kaurin sabuwar ƙanƙara, wadda take garai-garai, ya kai inci 4. Farar ƙanƙara kuwa, wadda dusa ta gauraye da ita, ƙarfinta rabin na waccan ne. Idan sanyi ya kankama a watan Janairu har motoci ake hawa da su. Jihar tana da tafkuna sama da 11,000, shi ya sa kamun kifi ta ramin ƙanƙara a nan ba abin mamaki ba ne, kamar dai a ce maka wane ya tafi gona.

Ni Bakano ne, ba ni da dangi ko ɗaya cikin Sarkawa. Kafin na zo ƙasar nan, ni da kifi sai a faranti. Wanda ya jawo ni cikin harkar wani maƙwabcina ne da ya yi ritaya, Dattijo nake ce masa, har ya koyi amsawa. Shi ya koya min huda ƙanƙara, da kafa tantin da ake ja a baya, da soka 'yar farar tsutsa a ƙugiya da yatsun da ba ka jin su. Hunturu huɗu muka yi tare. A duk tsawon lokacin ban taɓa sayen na'urar ganin kifi ba, tasa muke leƙawa mu biyu. Bara ciwon gwiwa ya matsa masa, ya tattara ya koma wajen 'yarsa a Arizona inda babu sanyi, na'urar kuma ya bar wa jikansa. Sai ga ni da sandar fatsa, da tanti, da injin huda, amma babu ido.

Wanda bai taɓa yi ba zai ce mene ne abin damuwa, ba sai ka jefa ƙugiya ka jira ba? Matsalar ita ce ramin faɗinsa inci 8 ne kawai, tafkin kuma sai ka yi tafiyar awa guda ba ka ƙure shi ba. Kifi yana iya zama a zurfin ƙafa 15 alhali ƙugiyarka tana ƙafa 22, ku wuni a haka ba ku haɗu ba. Hausawa na cewa kifi na ganinka mai jar koma. Wannan na'ura ita ta juya karin maganar, ta sa mai koma shi ma yana ganin kifi.

Yadda take aiki ba wani siddabaru ba ne, amsa-kuwwa ce. Akwai wani ɗan curi mai waya da ake zurawa cikin ramin, ni kunne nake kiransa. Yana harba sauti ƙasa, sautin da kunnen mutum ba ya ji, sannan ya saurari dawowarsa. A ruwa mai sanyi irin wannan, sauti yana gudun wajen mita 1,400 a daƙiƙa ɗaya. Ke nan a zurfin ƙafa 20, zuwa da dawowa bai kai kashi ɗaya cikin 100 na daƙiƙa ba. Duk abin da sautin ya ci karo da shi, ƙasan tafki ne, ciyawa ce, kifi ne, ko 'yar ƙugiyar da ba ta kai ƙwayar wake ba, zai dawo da labarinsa. Sautin yana bajewa ne kamar hasken tocila. Kunne mai kusurwa digiri 19 yana ganin fili mai faɗin kashi ɗaya cikin uku na zurfin, wato a ƙafa 21 yana ganin da'ira mai faɗin ƙafa 7. Mai digiri 9 bai kai rabin haka ba, amma ya fi kyau a wuri mai zurfi ko gangare. Har zuwa nan na'urorin duka ɗaya ne. Inda suka rabu shi ne yadda kowacce take nuna maka abin da ta ji.

Ta farko ita ce irin ta Dattijo. Turawa suna kiranta filasha, sunan da kullum yake tuna min da filashin da 'yan uwa ke yi min daga gida don in kira su. Ni mai zobe nake ce mata, don fuskarta zobe ce kamar ta agogo. A ciki akwai faifai mai 'yan fitilu yana juyawa da gudu, har kana jin 'yar ƙararsa. Saman zoben shi ne bakin rami, sai ka bi ta dama kamar hannun agogo kana ƙara zurfi. Ƙasan tafki yana fitowa ja mai kauri. Ƙugiyarka ɗan siririn layi kore, in ka ɗaga sanda ya ɗaga, in ka saki ya sauka, a take. Kifi in ya shigo ta gefe yakan fara da kore, ya koma ruwan lemo, in ya zo daidai ƙarƙashinka ya zama ja. Kamfanin Vexilar, wanda a nan jihar yake, da irin wannan ya yi suna, kuma wani ɗan jihar mai suna Dave Genz yana cikin waɗanda suka yaɗa salon yawo da ita rami zuwa rami maimakon a zauna wuri guda ana jiran rabo. Mai zobe ba ta ajiye komai. Abin da yake faruwa yanzu shi kaɗai take nunawa. Ka ɗauke ido, abin da ya wuce ya wuce.

Ta biyu ita ce mai allo, kamar ƙaramar talabijin. Ita zana labarin take yi. Sabon abu yana shigowa ta gefen dama, yana tafiya a hankali zuwa hagu har ya fita. Tunda a kan ƙanƙara ba motsi kake yi ba, kifi ba ya fitowa a lanƙwashe kamar yadda ake gani a cikin jirgin ruwa, dogon layi yake zama. Ƙugiyarka kuma in kana kaɗa ta sai ta zana haƙoran zarto. Kana iya ganin layin kifi ya taso daga ƙasa, ya bi zarton nan na ɗan lokaci, ya yi tsaye, sannan ya sulale ya koma. Da yawansu suna da taswirar tafki da na'urar nuna wuri, ka adana ramin da ya yi maka albarka ka dawo masa baɗi ko da dusa ta shafe komai.

Na tara dala 400 don wannan sayayya, kaɗan-kaɗan daga kuɗin obataya. Ranar da na faɗa wa uwargida, shiru ta yi tukuna, sannan ta ce, "Abban yara, kifin nawa za ka kamo kafin kuɗin nan su dawo?" Ban da amsa, don gaskiya in lissafin riba ne, kanti ya fi sauƙi. Ga kuma waɗanda ke jiran saƙo a gida duk ƙarshen wata. Shi ya sa na san sau ɗaya zan saya, babu zancen in gwada wannan in ba ta yi ba in sayi waccan. Akwai ma wasu sababbi da ke nuna kifi yana iyo kamar bidiyo, irin LiveScope na kamfanin Garmin, amma kuɗinsu ya haura dala 2,000. Waɗannan ko kallonsu ban tsaya yi ba.

Zuciyata tana kan mai zobe tun kafin in shiga shago. Dalilaina kuma masu ƙarfi ne. Maɓallanta biyu ne ko uku, manya, kana murɗa su da safar hannu a hannunka. Ba ruwanta da sanyi, ba ta cin batir sosai, kuma ta Dattijo ta girmi babban ɗana amma ba ta taɓa ba mu kunya ba. Kana isa rami ka jefa kunne, cikin daƙiƙa biyar ka san ko akwai kifi ko babu, ka ɗauka ka yi gaba. Akwai kuma dalilin da ban faɗa wa kowa ba: ita na iya, kuma in na ji ƙarar faifan nan sai in ji kamar Dattijo yana zaune a ɗaya bokitin.

Wanda ya ɓata min lissafi babban ɗana ne. Shekararsa 12, a nan aka haife shi. Yana jin Hausa sarai, amma in ka yi masa magana da Turanci yake amsawa, shi ma a taƙaice. Tun da ya shiga wannan shekarun, hirarmu ta koma "ka yi salla?" da "ka yi aikin makaranta?" Wuri ɗaya da yake bina ba tare da an matsa masa ba shi ne tafki. Da muka shiga shagon, ni na nufi masu zobe, shi kuma ya liƙe wa wata mai allo yana danne-danne, cikin minti biyar ya gano abin da ni zan yi mako ina nema. Ya ce, "Abba, wannan ta fi." Na ce masa ai mun baro allo a gida, ba za mu sake ɗaukar wani allon mu kai tsakiyar tafki ba. Muka fito ba mu sayi komai ba, a mota kowa ya yi gum.

Gani ya kori ji. Wani abokin aikina yana da iri biyun, na roƙe shi aron su na ranar Asabar guda. Muka tafi wani ƙaramin tafki a yamma da birni, ni da yaron, bayan mun yi Azahar. Sanyin ranar ya kai digiri 18 ƙasa da sifiri, irin wanda gashin hanci ke daskarewa. Na huda ramuka wajen goma a kan wani kwari mai zurfin ƙafa 24, inda wani kifi mai faɗi da ake kira kirafi yake taruwa da hunturu. Fasalinsa kamar karfasa, kuma ba a ƙasa yake kwanciya ba, a tsakiyar ruwa yake shawagi garke-garke, shi ya sa in babu na'ura sai dai ka yi ta canki-canki.

A zagayen neman kifi, mai zobe ta yi wa mai allo fintinkau, wannan ba zan ɓoye ba. Ina tafe ina jefa kunne, na gama ramuka goma yaron yana na huɗu, yana cire safar hannu yana gyara wani abu a allon, yana hura yatsu. A rami na bakwai na ga jajayen layuka uku a ƙafa 17. Nan muka kafa tanti, muka kunna hita, kowa ya zauna da raminsa da na'urarsa. Da farko suka riƙa shiga wa juna, layukan ƙarya suna ta yawo a fuskokinsu, don kowacce tana jin sautin 'yar uwarta, sai da muka danna maɓallin da ke tace wannan hayaniya.

Da mai zobe, kamun kifi ya zama kamar dambe. Ka sauke ƙugiya ka tsayar da ita ƙafa ɗaya a saman garken, don kirafi sama yake kallo. Sai ka ga layi ɗaya ya ɓalle daga cikinsu ya taso. Ka ja sama kaɗan, ya biyo. Ka tsaya cak. Kore ya zama ruwan lemo, ruwan lemo ya zama ja, jan ya haɗiye layin ƙugiyarka, kan sanda ya ɗan motsa, ka fizge. Wallahi akwai daɗi. Na kama huɗu a jere, yaron yana da ɗaya.

Ana cikin haka ya fara ba ni wani labari. Wai akwai wani yaro a ajinsu da yake kwaikwayon yadda nake magana, ranar da na je ɗaukarsa. A daidai lokacin wani jan layi mai kauri, wanda ya fi duk na baya, ya taso wa ƙugiyata. Ban ɗago ba. Na ce, "Tsaya, tsaya, yi shiru." Ya yi shiru. Kifin ya shinshina ya koma abinsa. Na ɗago na ce, "Ina jinka, me ya ce?" Ya ce, "Ba komai." Na yi juyin duniya, ya ce shi ya manta. Kifi ba ya jin hirar mutane ta cikin ƙanƙara mai kaurin inci 18, na sani, shi ma ya sani. Ba don kifi na ce ya yi shiru ba, don kada idona ya bar zoben ne.

A watan Disamba rana tana faɗuwa a nan tun wajen ƙarfe 4:30, La'asar da Magariba kusan a manne suke, kuma wannan ɗan tsakanin shi ne lokacin da kirafi ya fi ci. Muka shimfiɗa darduma a kan kwali muka yi La'asar, da muka idar na ce mu yi musaya, ya karɓi mai zobe in karɓi mai allo. Ban yi don wata hikima ba, so nake in tabbatar wa kaina cewa ba ta da amfani.

Mintuna goma na farko haushi ta ba ni. Idona ya saba da zobe, sai nake jin kamar labarin jiya take ba ni. Daga baya na gane cewa gefen dama na allon shi ne yanzu, har akwai wani ɗan siririn ginshiƙi a wurin da ke nuna abin da ke faruwa a take, sauran allon kuma daƙiƙun da suka wuce ne. Na juya na zuba mana shayi daga fulas, na miƙa masa kofi, na dawo da idona. Ga shi nan a zane: kifi ya taso lokacin da nake zuba shayi, ya bi ƙugiya sanda take tsaye, ya gudu sanda gwiwata ta bugi sandar. Ban gan shi yana yi ba, amma ban rasa labarin ba. Na ma koyi wani abu da mai zobe ba ta taɓa nuna min ƙarara ba, cewa a ranar kifin ba ya son kaɗawa, tsayawa yake so.

Sai na lura da wani abu kuma. Yaron da ya karɓi mai zobe ya sunkuya a kanta, ko ƙiftawa ba ya yi. Na yi masa magana sau biyu bai ji ba. Na ga kaina sak. Haka nake zama ke nan duk ranar da muka zo, hunturu huɗu, shi yana gefe yana kallon ƙeyata.

Ranar Litinin na mayar wa mutumin kayansa, ranar Juma'a bayan masallaci muka koma shago na sayi mai allo, ƙarama, mai inci 5, wadda kuɗina suka kai. Tana da wani shafi da ke kwaikwayon zobe, in na yi marmari sai in kunna, ko da yake babu ƙarar faifai, kuma hasken bai kai na ainihin ba.

Ba zan ce ban yi asarar komai ba. A ranar tsananin sanyi sai na cire safar hannu kafin in gyara ta, kuma na fi minti ina laluben abin da a mai zobe murɗawa ɗaya ce. Batirin da ta zo da shi ba ya kai mu dare in hasken allon yana sama, dole na ƙara kuɗi na sayi na litiyam, uwargida ta sake yin shirun nan nata. In ni kaɗai na fita, ina yawo rami zuwa rami, har yau ina jin da mai zobe ce da na fi kamawa. Da na kira Dattijo na faɗa masa abin da na saya, dariya ya yi ya ce na zama ɗan zamani. Na ce masa jikansa ne ya jawo, da ya bar min tasa da ba a yi haka ba.

Masu tambayata wacce za su saya, musamman 'yan uwa da suka zo jihohin sanyi suna son gwadawa, ga abin da nake ce musu. Kada ka fara da tambayar wacce ta fi ganin kifi, duk kunne ɗaya ne, sauti ɗaya ne. Duba yadda kake zama a kan ƙanƙara. In kai kaɗai ne, mai yawo, a ruwan da bai cika zurfi ba, kuma ba ka son danne-danne, sayi mai zobe, za ta yi maka shekaru. In kana zama a tanti, ko kana son taswira, ko kana da jirgin da za ka ɗora ta a kai in ƙanƙara ta narke, ko kana zuwa da wani wanda zai yi maka magana, mai allo ta fi. Kowacce ka saya, rage ƙarfin jinta har sai ƙugiyarka ta zama ɗan siririn layi, in ba haka ba komai zai cakuɗe maka. Ka kuma tuna nisa take aunawa daga kunne, saboda haka kifin da yake gefe yakan fito kamar ya fi zurfin da yake. Sannan babu wadda take auna kaurin ƙanƙarar da kake tsaye a kai. Wannan aikinka ne, da ƙarfen sara da abin awo, tun daga bakin gaɓa.

Labarin yaron ajinsu sai a fitarmu ta uku da sabuwar na'ura ya dawo, shi da kansa, ban tambaya ba. Mun ajiye allon a tsakaninmu, ramuka biyu kusa da juna, ƙugiyoyinmu biyu suna fitowa a kai, tawa a sama tasa a ƙasa. Ya ba ni labarin tun daga farko, rabi Turanci rabi Hausa, har da abin da ya rama da shi, wanda bai kamata in yi dariya ba amma na yi. Ina kallon fuskarsa har ya gama. Da muka waiwaya, wani dogon layi mai kauri yana gab da fita ta gefen hagu. Ya zo, ya tsaya a tsakanin ƙugiyoyin biyu, ya tafi.

Yaron ya sa yatsa a kan allon ya ce, "Abba, ka ga wanda ya wuce mu?"

Na ce na gani. Sauke taka ƙafa biyu, ka bar kaɗawa, zai dawo.